Yadda ake tufatar da ƙaramin yaro lokacin ɗari a Maraɗi

A tsakiyar ɗari, daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu, ma'aunin zafi a Maraɗi kan sauka wajen digiri 13 da asuba, wani daren ma ya yi ƙasa da haka, musamman a gidajen da ke gangaren gulbi da ƙauyukan bakin fadama. Amma kafin azahar ya hau kusan 30. Wannan tazara ita ce wahalar tufatar da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku. Babba idan ya ji zafi sai ya tuɓe rigar sama ya rataye. Yaro mai tatata bai san ya tuɓe ba, bai iya faɗa ba, sai dai ya yi ta rigima a rasa abin da ke damunsa. Yawancin kuskuren da ake yi ba na ƙarancin kaya ba ne. Kayan asuba ne ake bari a jikin yaro har la'asar, ya yi ta gumi a ciki, iskar hunturu ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, sanyin da ake gudu ya shige shi ta bayan gida.

Riga uku marasa kauri

Riga uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, don iskar da ke maƙalewa tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumin jiki, kuma ana iya cire su ɗaya bayan ɗaya yadda rana ke ɗagawa. Ta farko, wadda ke taɓa fata, ta zama ta auduga: singileti ko ƴar riga mai laushi da ta kama jiki ba tare da ta matse ba. Ta biyu riga ce mai dogon hannu. Ta uku suwaita ko rigar sanyi, kuma an fi son mai maɓalli ko zif a gaba, saboda ita ce za a fi yawan cirewa da mayarwa, ga shi yara ba sa son abin da ake cusa musu ta kai. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ki duba abin da ya ishe ki ke babba, ki ƙara wa yaro riga ɗaya a kai. Ɗaya, ba uku ba.

Kada ulu ko suwaita mai gashi-gashi ta taɓa fata kai tsaye. Fatar yaro ta riga ta bushe da hunturu, ulu kuwa yana sa ƙaiƙayi, yaro ya yi ta sosa wuya da gwiwar hannu har ya ji wa kansa ciwo. Haka riga mai santsi irin ta leda, ba ta shan gumi, sai ta bar shi kwance a kan fata.

Akwai wani abu da ake gani kowace safiya a lungunan gari: yaro da hular sanyi har kunne, da suwaita mai kauri, amma daga cibiya zuwa ƙasa babu komai, yana zaune dirshan a kan siminti yana cin ƙosai. Dalilin a fili yake, ana koya masa zaman fo, uwa ta gaji da wankin wando. To amma simintin da ya kwana a sanyi yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Maganin abin shi ne wanduna dogaye na auduga masu roba a ƙugu, guda huɗu ko biyar, marasa maɓalli da bel, waɗanda yaro zai iya ja ƙasa da kansa idan fitsari ya matsa. Da zarar ɗaya ya jiƙe a canza nan take. Jiƙaƙƙen wando ya fi rashin wando sanyi. A shimfiɗa masa tabarma ko tsohon buhu inda yake zama.

Hula tana da amfani da asuba, da bayan magariba, da kan babur, domin kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, zafi na fita ta nan sosai. Ta rufe kunnuwa. Hula mai dogon igiya da ake ɗaurewa a wuya, da ɗan mayafin da ake naɗa wa yaro a maƙogwaro, a bar su. Yaro mai hawa da sauka zai iya maƙala su a ƙofa ko reshe su shaƙe shi. Safa kuma a haɗa ta da takalmi mai rufi. Safa kaɗai a kan siminti mai santsi ko tayil faɗuwa ce, a cikin rairayin tsakar gida kuwa minti goma ta isa ta zama tsumma.

Yadda za ki san ko kayan sun yi

Kada ki auna da tafin hannun yaro ko ƙafarsa. Waɗannan kullum sun fi sauran jiki sanyi, ko da yaro yana lafiya lau, kuma su ne ke ruɗin iyaye su yi ta lafta kaya. Ki zura yatsu biyu ta ƙeya zuwa tsakanin kafaɗu, ko ki taɓa ƙirji. Idan wurin da ɗumi kuma a bushe, kaya sun yi daidai. Idan da laima, ko gashin ƙeya ya jiƙe, ko kumatu sun yi ja, a rage. Idan ƙirjin kansa ya yi sanyi, yaro yana makyarkyata ko ya lafe ya daina wasa, a ƙara, a rungume shi a jiki, a ba shi abu mai ɗumi.

A yini irin na Janairu abin yakan tafi kamar haka. Daga asuba zuwa hantsi, duka ukun da hula da safa. Da rana ta faɗo tsakar gida, wajen ƙarfe tara zuwa goma, a cire hula da suwaita, a bar shi ya sha hantsi. Tsakar rana, idan babu iska, singileti da riga ɗaya sun isa. Kafin magariba a mayar da suwaita, kada a jira sai jikinsa ya yi sanyi, don riƙe ɗumi ya fi sauƙi a kan nemo shi. Ranar da hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faranti, sanyi kan daɗe bai saki ba, to ranar taɓa ƙeya za a bi, ba agogo ba. Idan singiletin ta jiƙe da gumi, ita za a fara canzawa kafin a ɗora wani abu a kai. Ƙurajen zafi da ke fesowa a wuya da bayan yaro a tsakiyar sanyi, waɗanda ake ɗora wa laifi a kan sabulu ko abinci, sau da yawa shaida ce ta yawan kaya.

Zaɓen kaya a wajen ƴan bosho

Mafi yawan rigunan sanyin yara daga dilar gwanjo suke fitowa, bosho kamar yadda ake cewa a nan, kuma babu aibu, sau da yawa ma sun fi sababbi na kanti inganci. A babbar kasuwa an fi samun zaɓi a farkon Nuwamba, kafin sanyi ya kankama kowa ya ruga. Lambar da ke wuyan rigunan Turai, irin su 86, 92, 98, tsawon yaro ce a santimita, ba shekarunsa ba. Ki tsayar da yaro jikin bango ki auna shi kafin ki fita, ko ki yanki igiya daidai tsawon hannunsa daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ki tafi da ita. Suwaitar sama ta ɗan fi shi kaɗan don riguna biyu su shiga ƙarƙashi, amma ba burmemiya da zai riƙa takawa ba. A duba ƴar takardar da ke ciki, in an ga coton da lamba mai yawa to auduga ce.

Ki sa hannuwa biyu ki buɗa wuyan rigar ki ga ko yana miƙewa. Ki ja kowane maɓalli, wanda ke lilo a ɗinke shi ko a cire, domin duk abin da ya ɓalle bakin yaro zai nufa. Zif ya kasance yana da ɗan ƙyalle a samansa da ke kare haɓa. Yaron da zif ya taɓa cizo sau ɗaya, sai an yi kokawa kafin ya yarda da rigar kuma. Igiyar da ke zagaye da hular riga a zare ta gaba ɗaya. Sannan komai tsabtar da kaya suka nuna, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana yini guda, in da hali a goge, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata, da kuma warin maganin da ake fesa wa dila.

Idan ya ƙi sa kaya

Ɗan shekara biyu ya gano kalmar a'a, kuma yana jin daɗinta. Zai fizge hula ya jefar, ki mayar, ya sake jefarwa yana kallon idonki. Duka ba ya magance wannan, sai dai ya mai da sa kaya fagen yaƙi kowace safiya. Abin da ya fi ci shi ne a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk kin yarda da su: “Ja za ka sa ko shuɗiya?” Kada a tambaye shi ko zai sa, don amsar sananniya ce. A bar shi ya zura hannu da kansa ko da zai ɗauki lokaci. In yana da yaya, a fara sa wa yayan a gabansa, kishi zai ƙarasa aikin.

Wani lokacin kuma yaron ne ke da gaskiya. Rigar da ta kwana a kan igiya ko cikin akwatin ƙarfe sanyi gare ta kamar ruwan randa. A sa kayan safe ƙarƙashin bargo tun da dare, ko uwa ta ɗan riƙe su a jikinta. A zaunar da yaro a cinya, bayansa jingine da ƙirjinki, a tattara wuyan riga kamar zobe, a fara ɗora shi ta ƙeya sannan a ja gaba da sauri ta yadda ba zai rufe fuska ba. Duhun nan na cikin riga shi ne abin da yara da yawa ke tsoro. Idan kuma kullum riga ɗaya yake ƙi, a juya ta a shafa cikinta, watakila takardar wuya ce ke sukarsa.

Wanka da mai

A ɗage wankan yaro daga asuba zuwa tsakanin hantsi da azahar, a wurin da iska ba ta bugawa. Sau ɗaya a yini ya isa; da yamma a goge fuska, hannu, ƙafa da mazaunai da tsumma mai ɗumi. Wajen sirka ruwa, na sanyi ake fara zubawa a baho sannan na zafi, domin yaro na iya tsoma hannu ko ya faɗa ciki kafin a waiwayo. A gwada da gwiwar hannu, ba da tafi ba, tafin mai aikin gida ya saba da zafi. Ruwan ya zama kamar ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 38. Tawul, mai da kaya duk su kasance a kusa kafin a tuɓe shi. Minti biyar ya wadatar, sabulu kaɗan, kuma a ajiye soso mai kaushi sai bazara.

Lokacin shafa mai shi ne nan da nan bayan an tsane jiki, fata na da sauran danshi, don aikin mai shi ne ya rufe ruwan da ke cikin fata kada ya tsere. Wanda aka shafa bayan awa guda a kan busasshiyar fata sheƙi kawai yake yi, ƙura ta manne. Man kaɗe ya fi komai dacewa, a murza shi a tafi ya narke. Basilin marar turare ma yana yi. A kula da dunduniya, ƙwauri, bayan hannu, kumatu, leɓe, da ƙasan hanci inda majina ke cin fata. Man zafi mai kafur ko mantoleta kuwa, wanda ake shafa wa yara a ƙirji da cikin hanci, bai dace da ɗan ƙasa da shekara biyu ba. Jin sanyi-sanyin da yake bayarwa ba buɗe hanci ba ne, kuma kafur guba ne idan yaro ya lasa.

Dare, da maganar gawayi

Yaro ɗan wannan shekaru ba ya kwana cikin bargo. Za a lulluɓe shi da isha, ƙarfe biyun dare a same shi a gicciye, bargo a gefe, ciki a waje. Saboda haka ɗumin dare a jikinsa ake sa shi: riga mai dogon hannu a cusa cikin wando, safa, sai bargo marar nauyi da ya tsaya a ƙirji. Hula a cikin ɗaki lokacin barci ba ta da amfani, tana iya zamowa ta rufe fuska. Abin da ke ƙarƙashinsa ya fi abin da ke samansa muhimmanci. Idan a ƙasa ake kwana, a sa tabarma, a ɗora kwali ko tsohon bargo, sannan katifa. Mai fitsarin kwance a shimfiɗa masa leda ƙarƙashin zane mai kauri, ba a kwantar da shi kan ledar tsurarta ba, kuma a ajiye wando da zane na canji a kusa da kai. Sange kuma kada a naɗe shi don an ga sauro ya ragu. Bai ƙare ba, ga shi yana tare ɗan iska.

A toshe inda iska ke hurowa kai tsaye, ƙasan ƙofa da tagar da ke fuskantar gabas da arewa, inda hunturu ke fitowa. Amma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, ko da ya yi jajir ya daina hayaƙi, kuma wannan shi ne inda mutane ke ruɗuwa, suna zaton in hayaƙi ya ƙare haɗari ya ƙare. Iskar tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji. Yara ta fi saurin kamawa. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da amai tare, ko yaro ya yi laushi ya ƙi farkawa sosai, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti. In ana son ɗumama ɗaki, a yi tun da sauran ido biyu, ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje a kashe kafin kwanciya.

Jin ɗumi a tsakar gida ma yana da nasa. Rigunan sanyi masu santsi da masu laushin gashi na roba suna kama wuta da sauri, su narke su manne a fata. Yaro ya zauna a cinyar babba ko a bayan layin manya, ba a bar shi da ƴar yayarsa mai shekara shida a gaban garwashi ba. Tukunyar ruwan wanka da ta kunu a sauke su inda ba ya kaiwa. Toka kuma takan yi fari a sama alhali cikinta wuta ce, mai tatata ba ya bambancewa. Idan tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, a kan ƙunar har minti 20, sauran jikin a lulluɓe kada sanyi ya kama shi. Ba ƙanƙara, ba gishiri, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai. Rigar da ta manne kada a fizge ta, a yanke kewayenta. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙuna a fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce.

A baya da kan babur

Yaron da ke goye yana samun ɗumin bayan uwarsa, don haka a rage masa riga ɗaya, a kula da abin da ke waje: kai da ƙafafu. Idan za a rufa masa mayafi saboda ƙura, ya zama marar kauri, fuska na samun iska, a riƙa leƙawa. A kan kabu-kabu iska ta fi ta ƙasa sanyi nesa ba kusa ba, musamman tafiyar sassafe zuwa Tibiri ko Madarumfa. Nan ne riga mai santsi da ke tare iska take da rana, a sama da suwaita. Yaro ya kasance tsakanin manya biyu, ba a kan tanki a gaban direba ba, inda iska da ƙura ke dukan ƙirjinsa. A tattare bakin zane da bargo kada su sauka wajen taya.

Mura, da abin da ya wuce mura

Komai kyan tufatarwa, yaro zai yi mura a ɗari, wataƙila fiye da sau ɗaya, domin ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ƙura da cunkoson ɗaki suna taimaka musu. Hancin da ya toshe a ɗiga masa ruwan gishiri, ɗigo biyu ko uku kowane ɓangare, kafin cin abinci da kafin barci. Ana sayar da shi a kantin magani. A gida kuma cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe ba a cike ba, cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a sabunta kullum. A yawaita ba shi ruwa, kunu mai ɗumi, da nono in bai kai yaye ba, don a sanyi yara ba sa neman ruwa alhali busasshiyar iska tana ƙafar da su. Zuma rabin cokalin shayi tana lafar da tari, amma ga wanda ya cika shekara ɗaya kawai. In ya yi haɓo, a zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan hancin minti 10. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Yaro mai zazzaɓi ba a ƙara masa bargo don ya yi gumi. A rage kaya, a ba shi ruwa, a kai shi a gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya tafiya hutu a Disamba, kuma lokacin rani da ƙura ne sanƙarau da ƙyanda suke yaɗuwa a ƙasar nan. A duba katin riga-kafi ko akwai allurar da aka tsallake. Yaro mai tamowa kuma nasa daban ne: ba shi da kitsen riƙe zafi, jikinsa na iya yin sanyi ƙalau maimakon zazzaɓi ko da ciwo ya yi tsanani. Irin wannan a manna shi da fatar uwa, a lulluɓe su tare, a ba shi abinci akai-akai har cikin dare, a kai shi likita da wuri.

Abin da ke raba mura da ciwon huhu shi ne numfashi, kuma kowace uwa na iya ƙirgawa. A jira yaro ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga riga, a sa agogon waya, a ƙirga tashin ciki na minti ɗaya cikakke, shiga da fita a matsayin ɗaya. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi yawa. Ga ɗan wata 2 zuwa 11 kuwa, 50 ko fiye. A kalli ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja numfashi, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. A sa masa hula da suwaita, a ɗauki katinsa, a tafi.